Yanda Za Ka Kare Gidanka Daga Sauron Rana Mai Kawo Dengi, Shawara, Zika da Cikungunya, Mataki-Mataki

Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya ce min shi fa yana kwana a gidan sauro, yana fesa magani duk dare, amma yaronsa ya kwanta da zazzaɓi an gwada ba maleriya ba, wai dengi ne, to ta ina abin ya shigo? Amsar ita ce sauron da kake yaƙa da dare daban, wanda ya ciji yaron daban. Shi wannan sunansa Aedes, da rana yake cizo, kuma a cikin gidanka aka haife shi. Shi ke ɗauko bairos ɗin dengi da zazzaɓin shawara da Zika, ukun nan dangi ɗaya ne ana ce musu filabibairos, sai cikungunya wanda ɗan wani dangin ne amma sauro ɗaya ke jigilarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya suna zaune ne a inda dengi ke iya kama su, kuma a 2024 kaɗai an kai mata rahoton mutum sama da miliyan 14.

Aikin nan gaba ɗayansa ƙirgen kwana ne. Kwana nawa ƙwai ke yi ya zama sauro, kwana nawa bairos ke yi a cikin sauro, kwana na nawa mara lafiya yake ciki. In ka riƙe ƙirgen sauran mai sauƙi ne.

1. Gane sauron tukuna

Ƙarami ne, baƙi, ƙafafunsa da zanen fari kaman an ɗaura masa zare. Iri biyu ne ke damun mutane, Aedes aegypti mai son cikin ɗaki da jinin mutum, sai Aedes albopictus mai layin fari ɗaya a gadon baya wanda ya fi zama a lambu da cikin ganye. Ta macen ce ke cizo, ta fi fitowa da sassafe zuwa hantsi sannan da yamma kafin rana ta faɗi, kuma ƙafa da idon sawu take nema, ba ta cika yin kuka a kunne ba.

Abu biyu game da halinta. Na ɗaya matsoraciya ce, kana motsawa ta tashi ta koma kan na kusa da kai, shi ya sa sauro ɗaya zai iya cizon mutum uku huɗu kafin ya ƙoshi, sai ka ga 'yan gida suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ba ta tafiya nesa, yawanci rayuwarta duka ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita daga inda aka ƙyanƙyashe ta. Ma'ana in tana cizonka, to ruwan da ta fito yana gidanka ko na makwabcinka.

Gargaɗi: gidan sauro na dare ka ci gaba da shi saboda maleriya, amma kar ka lissafa shi a matsayin kariya daga wannan, sai fa ga jariri da mai barcin rana.

2. Haɗa kayan aiki

Tocila mai haske sosai, ko ta waya ma ta isa. Buroshi mai tauri ko soson ƙarfe. Sabulu ko bilic. Farin kofi ko farar roba ta ɗiban ruwa. Raga mai ƙananan ido da igiya ko robar ɗauri. Buhun zuba shara, ɗan yashi, sai takarda da biro. Kusan duk wannan akwai shi a gida, ragar ce kawai za ka saya kuma ita ce kuɗin da ya fi kowane amfani a aikin nan. Mutane sun fi zuba kuɗinsu a gwangwanin feshi wata bayan wata, alhali ragar da za ta rufe duro shekara guda ba ta kai kuɗin feshin 'yan makonni ba.

3. Zagaye gidan, ka rubuta duk abin da ke riƙe ruwa

Nan ne mutane ke yin kuskure na farko, sai su nufi kwata da kududdufi. Aedes ba ta damu da ƙazamin ruwan kwata ba, wannan wajen wani sauron ne. Ita ruwa mai ɗan tsafta take so a cikin mazubi, ko da cikin murfin kwalba ne.

Fara daga ƙofar gida ka bi bango ta hannun dama har ka dawo inda ka fara, kar ka tsallake lungu. Duba duro, tanki, randa, bokiti, jarka marar murfi, tsohuwar taya, gwangwanaye, farantin ƙarƙashin tukunyar fulawa, kwalbar da aka jiƙa fure a ciki, mazubin ruwan kaji da na dabbobi, ledar rufe kaya da ta yi lanƙwasa, kayan wasan yara, indararon da ganye ya toshe, kogon bishiya, bulon da aka jera ramukansa na kallon sama. Sannan ka shiga ciki, banɗakin da ba a amfani da shi, bokitin da ke tare ɗigon na'urar sanyaya ɗaki, da tiren bayan firij.

Wannan tiren ni shi ya ba ni mamaki. Na taɓa share gida tsaf, na kife komai, amma kullum da yamma ana cizon ƙafafunmu a falo, sai ranar da na janyo firij zan share bayansa na haska tocila, wallahi ruwan bai fi rabin kofi ba amma tsutsotsi ne ke ta wutsil-wutsil a ciki, hasken na taɓa su suka nutse ƙasa gaba ɗaya. Haka za ka gane su, in ka ɗebo ruwan a farin kofi za ka ga tsutsar ta rataye kanta ƙasa wutsiya sama, ta maleriya kuwa kwanciya take a miƙe a saman ruwa. In ka ga wasu masu kama da waƙafi suna tsalle, waɗannan saura kwana 2 zuwa 3 su tashi, kar ka bari su kwana.

Taya kuma kar ka raina ta. Ta hanyar cinikin tsoffin tayoyi albopictus ya bar Asiya ya shiga Amurka, an gan shi a Texas a 1985, sannan Italiya a 1990. Baƙa ce, da inuwa a ciki, kuma duk yanda ka juya ta sai ruwa ya rage.

4. Zubar, goge, sannan ka rufe

Wannan shi ne zuciyar aikin, dan Allah a karanta a hankali. Sauron nan ba a kan ruwa yake zuba ƙwai ba, a jikin bangon mazubin yake manna su ɗaya-ɗaya, sama kaɗan da inda ruwa ya tsaya. Baƙaƙe ne ƙanana kaman ƙurar gawayi. Kuma suna jure bushewa wata da watanni, har wajen wata 8, ruwa na taɓa su su ƙyanƙyashe. To ka ga wanda ya zubar da ruwan duro ya sake cikawa bai yi komai ba, ƙwan da ke jira ma ya jiƙa musu.

Ga yanda ake yi. Ka zubar da ruwan a kan busasshiyar ƙasa inda rana za ta kashe tsutsar, kar ka juye shi a magudana ko wani ruwan. Ka sa buroshi da sabulu ka dirje cikin da ƙarfi musamman zoben nan da ruwa ke bari a jiki da kuma ƙarƙashin baki. Ka ɗauraye, ruwan ɗaurayar ma a ƙasa. In za a sake cikawa a rufe nan take da murfi mai kamawa, in babu a shimfiɗa raga a ɗaure ta tamau. Abin da ba a buƙata a kife ko a kai shara. Taya a huda ta ko a cika ta da yashi ko a shigar da ita inda ruwan sama ba ya kaiwa. Farantin fulawa a cika shi da yashi, kogon bishiya ma haka.

Gargaɗi: murfin da ya ɗan karkace shi ma haɗari ne, domin ya ba sauron inuwa kuma ya ba shi ƙofa. Duba bututun da iska ko rarar ruwa ke fita a jikin tanki, shi ma a ɗaure masa raga.

5. Ware rana ɗaya a mako, kar ka canza ta

Me ya sa mako? Domin daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, lokacin zafi ya fi kusa da 7. In kana zagayen nan duk kwana 7 babu tsutsar da za ta kai ga fiffike. In ka ce duk sati biyu, ka ba su zuriya guda kyauta. Zagayen farko ne mai wahala, zai iya cin maka rabin yini, na bayansa in ka riƙe takardar da ka rubuta minti 15 ya isa. Bayan an yi ruwan sama ka ƙara leƙawa washegari. Kuma da rani ma kar a daina, domin lokacin ne ake tara ruwa a gida, sauron ba ruwansa da ko daga sama ruwan ya zo ko daga famfo.

6. Ruwan da ba ya zubuwa

Babban tanki ko rijiyar ajiya ba za ka zubar da su duk mako ba. Rufewa ita ce ta farko. In ba ta yiwu ba akwai magungunan kashe tsutsa da aka amince a sa har a ruwan sha in an bi awo, kaman Bti wanda wata bakteriya ce da ke kashe tsutsar sauro ba ta taɓa mutum ko kifi, da temefos, da firifuroksifen mai hana tsutsa girma. Waɗannan ka nemi ma'aikatan lafiya ko na tsaftar muhalli su auna maka daidai da yawan ruwan. A tafkin ado kuwa ƙananan kifi irin su gofi suna cinye tsutsar.

Gargaɗi: kar a zuba baƙin mai, kananzir ko maganin ƙwarin gona a ruwan da mutum ko dabba za su taɓa. Na sha ganin ana ba da wannan shawarar kuma guba ce kawai.

7. Kare jiki da ɗaki

Raga a taga da ƙofa, a ɗinke duk inda ta yage. Riga mai dogon hannu, wando, safa, musamman da safe da yamma, kuma yara masu zuwa makaranta su ne suka fi buƙata domin lokacin cizon yana samunsu a aji. Man shafawa na korar sauro ka duba jikin kwalbar ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, DEET, fikaridin, IR3535, ko man lemon yukaliftus. A shafa a fatar da ke waje kawai, ba a kan ciwo ba, ba kusa da ido da baki ba, yaro kuma babba ne zai shafa a hannunsa sannan ya shafa masa, ban da tafin hannun yaron.

Gargaɗi: jaririn da bai kai wata 2 ba ba a shafa masa komai, gidan sauro kawai. Man lemon yukaliftus kuma sai yaro ya kai shekara 3.

Feshi yana da amfaninsa amma a san inda ake fesawa. Aegypti tana hutawa ne a ƙasa-ƙasa wajen duhu, ƙarƙashin gado, bayan labule, cikin kayan da aka rataye, ba a silin ba. Kuma in ka ga ka fesa sauro na yawo abinsa ba lallai maganin jabu ba ne, a ƙasashe da yawa sauron ya samu sauyi a ƙwayoyin gadonsa da ake kira kdr wanda ke sa magungunan fairitiroid, wato sinadarin da ke cikin yawancin feshin sauro, ba sa kama jijiyarsa yanda ya kamata. Ƙara yawan feshi ba ya gyara wannan, tsira ma yake ba masu juriyar su hayayyafa.

8. Allurar rigakafi, wacce akwai wacce babu

Shawara tana da rigakafi mai kyau ƙwarai, wanda Max Theiler ya samar a 1937. Allura ɗaya ce tal ta isa har ƙarshen rayuwa, ana yi daga wata 9, kariyar na kamawa bayan kwana 10, don haka mai tafiya ya yi ta da wuri. Tun 2016 katin shaidar ba ya ƙarewa. Kar a yi wasa da wannan domin cikin waɗanda shawara ta kai su mataki mai tsanani, inda ido ke yin ɗorawa hanta da ƙoda su taɓu, wajen rabi ne ke mutuwa. Kuma ba za a iya kawar da ita daga duniya ba domin tana zagayawa tsakanin birai da sauron daji, mutum ya shiga daji ya ɗauko ya kawo wa sauron gari.

Gargaɗi: jariri ƙasa da wata 6, mai garkuwar jiki da ta yi rauni sosai, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini ba a yi musu. Mai ciki da wanda ya haura 60 su yi magana da likita tukuna.

Dengi kuwa lamarinsa da sarƙaƙiya kuma dalilin yana cikin halittar bairos ɗin. Zaren RNA ne guda ɗaya mai harafi wajen 11,000 da ke ƙera furotin 10 kacal, amma iri huɗu ne, 1 zuwa 4. In iri ɗaya ya kama ka, ka tsira daga shi har abada, sauran ukun kuwa kariyar ta ɗan lokaci ce. Matsalar ita ce in na biyu ya zo daga baya, sojojin jikin da ka tara na farko suna kama shi amma ba su iya kashe shi, sai ma su yi masa jagora zuwa cikin ƙwayoyin jini ya hayayyafa. Shi ya sa kamu na biyu ya fi zama mai tsanani, kuma shi ya sa rigakafin Dengvaxia ya jawo rikici a Filifin a 2017 har aka taƙaita shi ga wanda ya taɓa kamuwa. Akwai Qdenga, allura biyu tsakaninsu wata 3, da aka ba da shawararsa ga yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a inda cutar ta yi yawa, ba ko'ina ake samunsa ba kuma yana da tsada. Zika har yanzu ba ta da rigakafi.

9. In zazzaɓi ya shigo, rubuta ranar farko

Ɗauki biro ka rubuta rana da lokacin da jiki ya fara zafi, wannan ita ce rana ta 1. Alamun dengi kan fito kwana 4 zuwa 10 bayan cizo, zafi mai ƙarfi har 40, ciwon kai, ciwo a bayan ido, ciwon jiki kaman an yi maka duka, tashin zuciya, wani lokaci ƙuraje. In gaɓoɓi ne suka riƙe har mutum na tafiya a duƙe, a yi tunanin cikungunya, sunan ma daga harshen Makonde na Tanzaniya yake inda aka fara gano shi a 1952, ma'anarsa abin da ke tanƙwara mutum.

A je a yi gwaji, maleriya tukuna domin ita tana da magani kuma ba ta jira, ana ma iya samun biyun tare. Gwajin dengi kuma ya danganta da ƙirgenka, a kwanakin farko NS1 ko PCR ake yi, su ne masu neman alamar bairos ɗin kansa a jini, daga wajen rana ta 5 sai IgM mai neman sojojin da jiki ya tara. PCR ya fi tsada kuma sai babban ɗakin gwaji, NS1 na tsinke ya fi araha. Wanda ya yi IgM a rana ta 2 ya ga babu, kuɗinsa kawai ya zubar.

A gida, hutu da ruwa, ruwan gishiri da sukari na fakiti, romo, ruwan 'ya'yan itace, har ya zama yana fitsari aƙalla sau ɗaya duk awa 6. Farasitamol kawai, tazarar awa 6, kar ya wuce sau 4 a yini, na yaro gwargwadon nauyinsa.

Gargaɗi mai girma: ban da asfirin, ban da ibufurofen, ban da daikilofenak, har sai an tabbatar ba dengi ba ne, domin suna ƙara zubar jini. Duba jikin maganin mura da na ciwon jiki ma, da yawa akwai su a haɗe. Allurar tsoka ma a guje ta, maganin kashe bakteriya kuwa ba ya taɓa bairos.

Sannan mara lafiyan ya kwanta cikin gidan sauro har da rana tsawon makon farko. Jininsa cike yake da bairos, sauron da ya cije shi yau zai yi kwana 8 zuwa 12 yana dafa shi a ciki, daga nan har sauron ya mutu duk wanda ya ciza zai iya sa masa.

10. Ranar da zafi ya sauka

A dengi nan ne ake rasa mutane. Tsakanin rana ta 3 da ta 7 zafin zai sauka, kowa ya ce alhamdulillahi ya samu sauƙi, to awa 24 zuwa 48 da ke biye su ne mafi haɗari, domin lokacin ne jijiyoyin jini kan fara yoyo ruwan jini ya tsiyaye zuwa ciki da ƙirji. Na ga wannan da idona a kan ɗan wata 'yar uwata, rana ta 4 jikinsa ya yi sanyi har ya nemi abinci, uwar ta fara naɗe shimfiɗa, kafin dare ya riƙe ciki yana juyi, na kama hannunsa na ji tafin sanyi ƙalau da danshi kaman an tsamo shi a ruwa. Ƙarin ruwan da aka yi masa a daren, ana auna jininsa ana daidaita ɗigon, shi Allah ya sa ya zama sanadin tashinsa.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti yanzu ba sai gari ya waye ba: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko haɓo, jini a amai ko baƙin bayan gida, numfashi sama-sama, hannu da ƙafa sun yi sanyi, yawan barci ko rashin natsuwa, fitsari ya ɗauke. Mai ciki, jariri, tsoho, mai ciwon suga ko ƙoda, da wanda ya taɓa yin dengi, su kar ma a jira alama, a kai su tun farko. Kuma kar a maƙale wa lambar filatilet, ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare, kaɗai ana neman a ƙara jini, likita ya fi kallon kaurin jinin da hawa ko saukar jini da fitsari. Ƙarin ruwa a gida ba tare da awo ba shi ma haɗari ne, in ya yi yawa huhu yake cikawa.

11. Bayan an tashi

Kasala na iya ɗaukar makonni. Ciwon gaɓoɓin cikungunya kuwa wasu har watanni, a koma wa likita. A ajiye takardar gwajin, domin ranar da wani zazzaɓin ya zo likita na buƙatar sanin an taɓa yi.

In Zika ce, ko an dawo daga inda take, akwai ƙarin ƙirge domin tana bi ta saduwa kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, abin da aka gani a Brazil a 2015 da aka riƙa haifar jarirai da ƙaramin kai. Namiji ya yi amfani da kororon roba wata 3, mace wata 2, kafin a nemi ciki, in kuma matar na da ciki to har ta haihu.

12. Shiga gidan makwabta

Tunda sauron ba ya nisa, gidaje biyar zuwa goma da ke kewaye da kai su ne iyakar yaƙinka. Kar ka je da wa'azi, je da tocila da farin kofi, ka nemi izini ka ɗebo ruwan duronsu ka nuna musu abin da ke motsi a ciki, ban taɓa ganin wanda ya kalli kofin nan ya yi gardama ba. Ku tsayar da rana ɗaya ta zagaye tare, ku haɗa da kangon da ba kowa, wajen gini, da mai facin taya. In mutum biyu uku sun kwanta a layi ɗaya cikin sati biyu a sanar da hukumar lafiya mafi kusa, feshin unguwa aikinsu ne, kuma in sun zo a buɗe musu tagogi da ƙofofi hayaƙin ya shiga ciki inda sauron yake, a rufe abinci da ruwan sha, washegari kuma a koma kan buroshi domin hayaƙin bai taɓa ƙwai ko ɗaya ba.